Yadda aikin gyaran kwas ɗin ƙididdiga na 'yan lebul 100 ke tafiya

Litinin, 14 Oktoba 2024

Shugaban sashenmu ya kira ni ofis yau ya ɗora min kwas ɗin ƙididdiga na 'yan lebul 100, wato 'yan shekarar farko, wanda duk mai karanta kasuwanci ko akanta dole sai ya bi ta kansa a samistar farko, ya ce in sake masa fasali kafin yara su shigo a Janairu. Na ce to, Allah ya ba mu iko. Zan dinga rubuta yadda abin ke tafiya saboda 'yan'uwa malamai 'yan zango na nan Kumasi da na Accra da ke fama da irin wannan ajin, kuma iyaye ma ya kamata su san me yaransu ke tararwa in sun shiga jami'a.

Kwas ne da ya yi ƙaurin suna, kowace shekara yara da yawa suna tirel ɗinsa, wato su faɗi sai sun sake rubuta shi, wasu har su kai lebul 300 yana biye da su. Kuma ba ƙwaƙwalwa ce babu ba, waɗanda suka ci lissafi a WASSCE ne fa, in ba su ci ba ai ba za a ɗauke su ba. Tun da aka fara sakandare kyauta a Satumba 2017, rukunin farko suka gama a 2020 suka shigo mana a Janairun 2021, aji ya cika ya batse, yanzu mun haura ɗari uku a zaure ɗaya, amma salon koyarwa yana nan yadda yake tun aji bai kai rabin haka ba, lakcara ya tsaya awa biyu da makirufo yana juya silaid, yara na kwafa, a yi tes ɗaya a tsakiyar samista, a yi jarrabawa, shi ke nan. Daga wannan Talata zuwa wata Talatar babu wanda ya san me yaro ke yi da littafinsa. Ni a nan nake ganin ciwon yake. Abin da zan faɗa a gaban allo bai dame ni sosai ba, abin da yaro zai yi da hannunsa bayan ya fita daga zauren shi nake so in tsara.

Asabar, 26 Oktoba 2024

Makon nan a kan tsofaffin takardun jarrabawa na ƙare. Abu ɗaya ke ta maimaita kansa. In ka ba yaro jerin lambobi ka ce fitar min da standad dibiyeshan, wato ma'aunin yadda lambobi suka warwatsu, zai jero fomula tsaf ya kawo amsa daidai. Amma in tambayar ta ce ga shaguna biyu cinikinsu na wata iri ɗaya ne in an raba, sai dai na ɗayan yau sama gobe ƙasa, wanne za ka ba bashi kuma don me, sai ka ga fili fetal, ko kuma yaro ya sake rubuta fomular nan dai ko Allah zai sa a ba shi rabin maki. Alhali wannan tambayar ita ce aikin da zai yi a banki ko a ofis gobe, lissafin kam kwamfuta za ta yi masa.

Don haka na ajiye jerin babi-babi na tsohon tsari gefe, na fara daga ƙarshe. Wannan dabara ce da Grant Wiggins da Jay McTighe suka yayata a Amurka tun 1998, ka fara rubuta abin da kake so ɗalibi ya iya yi ranar da ya gama, sannan ka rubuta yadda za ka gane ya iya, sai daga baya ka zauna ka tsara darussa. John Biggs ma a 1996 magana mai kama da haka ya yi, cewa manufa da koyarwa da jarrabawa dole su fuskanci wuri ɗaya, don ɗalibi abin da za a tambaye shi yake karantawa ba abin da ka rubuta a takardar manufa ba. Duk wanda ya taɓa koyarwa a Ghana ya san gaskiyar wannan, yaranmu tsofaffin tambayoyi suke fara nema tun kafin su san sunan lakcara.

Abin da na rubuta bai da yawa. Ina so yaro ya ga jadawali ko zanen alƙaluma a jarida ya iya cewa wannan maganar ta tsayu ko ba ta tsayu ba. Ina so ya taɓa tattara bayanai da ƙafarsa ya san ta ina kuskure ke shigowa. Ya iya zaɓar ma'aunin da ya dace ya kare zaɓinsa, ya iya sa lambobi a Excel ko Google Sheets, kuma ya iya yi wa wanda bai yi boko ba bayanin sakamakon har ya gane. Duk babin da bai taimaka wa ɗaya daga cikin waɗannan ba na ja masa layi, na rubuta a gefe cewa a kai shi lebul 200. Na san za a yi gardama a kan wannan.

Laraba, 13 Nuwamba 2024

Jiya bayan la'asar na je gaida malaminmu na makaranta a Aboabo, wanda ya biya min tun daga babbaƙu har na sauke. Ya tsufa amma har yanzu yana zama. Na ɗan jima ina kallon yaran, kuma tunda kwas ɗin nan ne a raina sai na dinga ganin abin da da can ban lura da shi ba.

Yaro ba ya wanke allo sai ya kife shi ya kawo karatun da ka. Ƙarin da ake yi masa kaɗan ne, gwargwadon abin da zai ɗauka. Na baya kuma ba a barinsa ya kwanta, kullum sai an yi tilawa, wanda aka wuce wata uku baya ma sai an waiwaye shi. Manyan yara suna sauraron ƙanana suna gyara musu, kuma a cikin gyaran nasu karatun ke ƙara zama. Sannan babu yaron da zai yi mako malam bai ji muryarsa ba. Na ce Allah ya gafarta Malam, yaya kuke yi da yaron da ke da saurin ɗauka amma yana da saurin zubarwa? Ya ce ɗana irin wannan ai ba a yi masa ƙari, tilawa ake tsananta masa, in ka biye wa saurinsa ranar sauka za ka tarar babu komai a kan.

To wallahi abin da binciken masana ya nuna ke nan. Hermann Ebbinghaus a Jamus tun 1885 ya auna yadda mantuwa ke cin sabon karatu da sauri a kwanakin farko in ba a waiwaye shi ba. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka ba ɗalibai rubutu, wasu suka yi ta maimaita karantawa, wasu suka karanta sau ɗaya sannan aka rufe takarda aka yi ta sa su rubuto abin da suka tuna. Bayan mako guda masu kawowa da ka sun riƙe kashi 61 cikin 100, masu maimaita karantawa kashi 40, kuma abin mamaki masu maimaitawar su suka fi jin cewa sun iya. A 2013 John Dunlosky da abokan aikinsa suka tace dabarun karatu guda 10, gwada kai da rarraba bita a kan lokaci suka fito a sama, ja wa rubutu layi da alƙalami mai kala da sake karantawa suka faɗo ƙasa.

Abin da ke min ciwo shi ne ɗan zango yana shigowa jami'a da wannan horon a jikinsa, shekara da shekaru yana yi, sai ya ajiye shi a bakin get saboda an sa masa a rai cewa hadda aikin 'yan baya ne, ya je ya sayi alƙalami mai ruwan ɗorawa ya yi ta fentin handawut, daren jarrabawa ya kwana yana abin nan da suke kira chew and pour. Hadda ba ita ce matsala ba. Wanda bai riƙe komai a kansa ba da me zai yi tunani? Abin da karatun allo a matakin yara ba ya horarwa shi ne a tambayi don me, a yi musu, a kawo hujja, to wannan shi ne rabon da aji zai ƙara.

Na tsara haka: kowace Talata minti goma na farko tes ne, tambaya biyar a kan ƴar takarda, littafi a rufe. Biyu daga darasin makon jiya, biyu daga na makonnin baya, ɗaya daga can farkon samista. Makin kaɗan ne don kada ya zama abin tsoro, za a yi goma a ɗauki takwas mafi kyau, saboda rashin lafiya da rasuwa da trotro da ta lalace a hanya duk suna faruwa.

Alhamis, 28 Nuwamba 2024

An zauna taron sashe a kan tsarin. Dokar jami'armu maki 30 na aikin cikin samista ne, 70 na jarrabawar ƙarshe, wannan ban da ikon taɓa shi, sai na raba talatin ɗin uku, 10 na tes ɗin mako, 10 na aikin kasuwa da zan yi bayaninsa nan gaba, 10 na tes ɗin tsakiyar samista. Tunda sunan kwas da kiredit ɗinsa ba su canza ba aka ce ba sai maganar ta je Accra wajen GTEC ba, wato hukumar kula da manyan makarantu da aka kafa a 2020.

Wani babban farfesanmu, wanda ya koyar da ni ma, ya ce nan jami'a ce ba firamare ba, in ka riƙe wa yaro hannu kowane mako yaushe zai koyi tsayuwa da ƙafarsa? Tambaya ce mai nauyi kuma ban raina ta ba. Na ce Farfesa, yaran nan daga makarantun kwana suka fito inda ƙararrawa ke gaya musu lokacin firef, wasu kuma a tsarin dabul tirak suka yi, wata da watanni suna gida, ba wanda ya taɓa nuna musu yadda mutum ke tsara karatunsa shi kaɗai, in ba a nuna musu a lebul 100 ba a ina za su gani? Ya ce to wa zai duba takarda ɗari uku duk mako. Nan kam gaskiyarsa. Muka tsaya a kan tambaya huɗu na zaɓi, ɗaya ta jimla guda, 'yan nashinal sabis biyu da aka ba sashe su duba tare da ni. Babi biyu daga waɗanda na cire an dawo da ɗaya. Na karɓa.

Talata, 17 Disamba 2024

Zaɓe ya wuce lafiya, alhamdu lillahi, an koma aiki.

Yanzu maganar ƙananan rukunai. A shekarun 1970 wani malamin lissafi a Berkeley, Uri Treisman, ya rasa gane me ya sa ɗalibai baƙaƙen fata masu ƙoƙari ke faɗuwa a kalkulas alhali 'yan asalin Sin na ci. Bai zauna yana zato ba, ya bi su har ɗakunansu yana kallon yadda suke karatu. Ya tarar baƙaƙen suna karatu sosai amma kowa shi kaɗai, su kuwa 'yan Sin bayan kowa ya yi nasa sai su haɗu da yamma, su ci abinci, su duba aikin juna, su gano wane ne ya kauce kuma a ina. Sai ya kafa zaman aiki na rukuni da tambayoyi masu wuya, kuma bai kira shi ajin masu rauni ba. A Kansas City ma Deanna Martin ta fara wani tsari a 1973 inda ɗalibin da ya ci kwas bara ke jagorantar zaman bita, kuma kwas mai wuya ake sa wa ido, ba a ware wasu yara a ce su ne marasa ƙoƙari.

Wannan ya taɓa ni don na san su waye ke karatu su kaɗai a wajenmu. Yaron da ke hostel yana da abokan ɗaki, dare ya yi su haɗu. Namu na Aboabo da Asawase da Sawaba da Tafo Zongo da yawa daga gida suke zuwa saboda kuɗin hostel ya fi ƙarfin iyaye, ana tashi daga lakca sai tasha, yarinya ta koma ta tarar da girki da ƙanne, yaro ya wuce shagon babansa. Ga kunya, ga gudun kada a ce ɗan zango bai gane ba. Shi ya sa na ƙi yarda zaman rukuni ya zama na ganin dama ko na dare. Kowa da kowa ne, mai ƙoƙari da mai rauni, awa ɗaya a mako, da rana, a cikin jadawali. Na samu 'yan lebul 300 da suka yarda su jagoranta, na ce musu aikinku ba lakca ba ne, in an tambaye ku ku mayar da tambayar ga rukuni, alli ya fi daɗewa a hannunsu fiye da naku.

Masu tsara jadawali sun fara ba mu Juma'a ƙarfe 12 zuwa 2. Na je na yi bayani, aka mayar Alhamis.

Litinin, 20 Janairu 2025

Gobe ne darasin farko na sosai. A zaman gabatarwa na raba ƙananan katuna na ce kowa ya rubuta daga ina yake zuwa kullum, da me yake shiga intanet, da abin da yake tsoro a kwas ɗin, ba suna. Na karanta su duka. Masu laftof ba su da yawa, kusan kowa waya ce, kuma kukan data ya fi kowane kuka. Don haka babu dogon bidiyo. Duk mako zan tura PDF mara nauyi shafi biyu da saƙon murya da bai kai minti biyar ba ta hannun wakilin aji a WhatsApp, aikin Sheets kuma a waya za a koya, wanda ya samu kwamfuta a lab ƙari ne. Wani kati an rubuta da Hausa, wai Malam ni lissafi tun JHS ba ma shiri. Ban san mai shi ba amma ina neman sa a raina duk lokacin da nake rubuta darasi.

Talata, 4 Fabrairu 2025

Yau aka yi abin da nake ta jira. Na sa tambaya a allo. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi a Disamba 2022 kashi 54.1 ce, a Disamba 2024 kuma 23.8. Me ya faru da farashin kaya a tsakani? Ɗaya, ya sauka. Biyu, ya tsaya. Uku, yana ta hawa amma ba da gudun da ba. Na ce kowa ya yi shiru minti ɗaya, sannan ya ɗora yatsu a ƙirjinsa yadda ni kaɗai zan gani. Mafi yawan aji yatsa ɗaya. Ban ce komai ba, na ce juya ka nemi wanda amsarsa ta saɓa da taka ka shawo kansa, da kowane yare ka ga dama.

Kai, zauren ya ɗauka. Twi, Hausa, Dagbani, burokin, Turanci, duk a lokaci ɗaya. A layi na kusa da ni wata yarinya da mamanta ke sayar da wache a Asawase ta tsare samari uku tana ce musu ku wace ƙasa kuke, ni nake raka mamata sayen shinkafa, yaushe ta taɓa sauka? Da aka sake ɗaga yatsu yawanci sun koma uku. Sannan muka yi lissafin tare, abin sidi 100 a ƙarshen 2021 ya zama kusan 154 a ƙarshen 2022, a 2023 aka ƙara kashi 23.2 ya kai kusan 190, a 2024 aka ƙara 23.8 ya kai kusan 235. Na ga wasu suna girgiza kai, don sun sha jin gardamar nan a rediyo lokacin kamfen ba su san ta ina za su kama ta ba.

Eric Mazur ne ya fara wannan salon a ajin fiziks a Harvard a farkon shekarun 1990, bayan ya gano ɗalibansa na cin lissafi amma ba su gane ma'anarsa ba. Kuma a 2014 Scott Freeman da abokansa suka haɗa bincike 225, suka ga a ajin lakca zalla kashi 33.8 ke faɗuwa, a ajin da ɗalibai ke aiki da kansu 21.8. Sai dai abin yana cin lokaci, tambaya ɗaya ta ci mana kusan minti ashirin, kuma can bayan zaure inda makirufo ba ya kaiwa sosai na ga wasu suna kallon ƙwallo a waya. Mako mai zuwa 'yan sabis ɗin a baya za su tsaya, ni ma zan dinga zagawa.

Asabar, 22 Fabrairu 2025

Aikin kasuwa ya kankama. Rukuni na mutum shida, kowane rukuni da kayansa ɗaya, gari ko wake ko masara ko shinkafa ko tumatir ko albasa, su bi farashinsa duk mako a kasuwa biyu, Kejetia, Asafo, Bantama, Tafo ko Aboabo. Na ja musu kunne tun farko, a yi gaisuwa, a faɗi gaskiyar abin da ya kawo ku, kada ku taru shida a kan tebur ɗin baiwar Allah ku tare mata ciniki, inda akwai sarauniyar 'yan kaya ko shugaban 'yan albasa a fara zuwa wajensa.

Sun dawo da rigima, kuma rigimar ita ce darasin. Rukuni biyu sun je kasuwa ɗaya rana ɗaya sun kawo farashin gari daban. Da aka bincika, ɗaya farashin farko ya rubuta, ɗayan sai da ya yi ciniki. Wani ya ce in ya tambaya da Twi kuɗin daban, in abokinsa ya tambaya da Turanci da jaka a baya daban. 'Yan tumatir suka ce na safe da na yamma ba ɗaya ba ne, kuma 'yan kasuwar sun gaya musu yanzu rani ne daga Burkina ake kawowa, in mota ta makara farashi ya tashi. 'Yan albasa, waɗanda yaranmu na zango suka fi sakewa da su tunda Hausa ake yi, suka yi musu bayanin bambancin ta Nijar da ta Bawku. Sai babbar magana, olonka, gwangwanin da ake awo da shi a kasuwa. Wata a tsoro take aunawa wata a shafe, wani gwangwanin gindinsa a lotse. Na aro sikelin kicin muka auna olonkar da rukunai suka sayo daga hannu daban-daban a gaban aji, ba biyu da suka zo ɗaya. Da a ce na tsaya na yi musu lakca a kan kuskuren awo da yadda ake zaɓen samfur, da sun rubuta sun manta. Yanzu su da kansu suka zauna suka rubuta ƙa'ida, rana ɗaya, lokaci ɗaya, farashin da aka sallama, masu sayarwa aƙalla biyar, a rubuta a tsoro ne ko a shafe.

A nan na shigo da min da midiyan. Masu tebur biyar, ribar yini sidi 40, 50, 50, 60, ta biyar mai sarin buhu 800. In ka tara ka raba biyar 200 ne, shi ne min, amma je ka gaya wa huɗun nan cewa ribarsu 200 ka ji amsa. Na tsakiya, wato midiyan, 50 ne, shi ya fi faɗin gaskiyar layin. A nan yaran da suka tashi a kasuwa suka zama malaman ajin, har wanda ban taɓa jin muryarsa ba ya miƙe yana gyara wa 'yan manyan makarantu.

Lahadi, 9 Maris 2025

Azumi ya shiga mako na biyu, 'yan'uwa Kirista ma sun shiga nasu tun Laraba, ga zafin Maris. Rukunan yamma sun fara raguwa, musamman 'yan mata masu komawa gida aikin buɗa baki. Na roƙi jagorori aka mayar da abin da zai yiwu safe. Saƙon murya kuma yanzu da dare nake turawa, don wasu sun ce bayan sahur suke karatu kafin su fito. Tes ɗin Talata yana nan, ban ɗage ba.

Litinin, 24 Maris 2025

Gobarar kasuwar Adum ta nan Kumasi ta ranar Juma'a ta shafi iyayen wasu daga cikin yaran, shaguna sun ƙone ƙurmus. Allah ya mayar musu da alheri. Na gaya wa wakilin aji duk wanda abin ya shafa kada ya damu da tes ɗin gobe, dama takwas ake ɗauka, kuma na ɗaga ranar miƙa rahoton kasuwa.

Mun gama duba tes ɗin tsakiyar samista. Tambayoyin bayani, waɗanda a da ake bari fili, yanzu ana amsawa, wasu da Turanci mai rauni amma tunanin daidai, kuma na ce wa masu dubawa tunanin za a ba maki. Firobabiliti kuwa, wato lissafin yiwuwar aukuwar abu, har yanzu da saura sosai, musamman in an ce abu kaza bisa sharaɗin kaza.

Wani amfanin tes ɗin mako da ban sa shi a lissafi ba, ya zama rajista. Duk wanda ya ɓace sau uku a jere sunansa na fitowa, sai mu kira shi. A da sai ranar da sakamako ya fito ake sanin yaro ya nutse. Ɗaya pragya, keke mai ƙafa uku na haya, yake tuƙawa har tsakar dare don ya haɗa kuɗin makaranta, safiyar Talata barci ke kayar da shi. Ɗaya bai ma san cewa tun 2022 asusun bashin ɗalibai ya daina neman mai tsaya wa mutum ba, da Ghana Card ake nema. Wata kuma ta ɗauka tunda ta faɗi tes uku na farko shi ke nan ta faɗi kwas. Na zaunar da ita muka lissafa makin da ya rage a gabanta, ta ga ko kashi ɗaya cikin goma ba ta rasa ba. Ta dawo aji.

Alhamis, 10 Afrilu 2025

Barkanmu da Sallah. Rahotannin kasuwa sun shigo. Wasu Turancinsu ya yi santsi fiye da kima, an san ChatGPT ya sa hannu. Ban hana amfani da shi don gyaran rubutu ba, hanawar ma ba za ta yiwu ba, amma tun farko na faɗa cewa rabin makin a baki yake. Kowane rukuni minti biyar, ni zan nuna wanda zai amsa, kuma tambayoyin daga takardarsu ne, me ya sa farashin mako na huɗu ya yi tsalle, wa kuka tambaya, me ya sa kuka ɗauki midiyan. Wanda ya taka kasuwa ba ya inda-inda. Mun fara jiya, za mu ƙarasa mako mai zuwa.

Abin da ke gabana yanzu, darasi biyu da suka rage zan ba firobabiliti duka, da tebur na ƙirga mutane maimakon fomula, don na ga a rukunan Alhamis haka ya fi shiga. Tambayoyin jarrabawa sun tafi wajen mai tantancewa, kusan rabi na bayani ne irin wanda suka saba a aji. Jagororin rukuni kyauta suka yi aikin nan samista guda, na rubuta wa shugaban sashe a ba su takardar shaida da ɗan kuɗin mota, in ba haka ba baɗi ba lallai a samu masu yi ba. In sakamako ya fito zan kwatanta da na shekarun baya, amma ba zan yi saurin cewa tsarin ne ya jawo ba, tunda yaran bana daban ne tambayoyin ma daban, abin da zan fi dubawa shi ne masu zuwa daga gida da masu zama a hostel, ko tazarar da ke tsakaninsu ta ragu. Malamar da ke koyar da ƙididdiga a lebul 200 ta yarda ta yi musu ɗan gwaji a makon farko na baɗi, ba maki, don mu ga abin da ya zauna. Ranar Litinin za mu haɗu mu rubuta tambayoyin.